Darasi kan Cefane: Mudun Ƙasar Nan da Amfanin Watanda

Darasin wannan mako na magidanta ne da uwayen gida da ke ciyar da baki bakwai ko takwas a Ingila, bayan kuɗin haya da na wuta sun kwashe kaso mafi tsoka na albashi.

A manyan kantunan nan, kusa da farashin da aka rubuta ɓaro-ɓaro, akwai wani da ƙananan lambobi: kuɗin kilo ɗaya ko na giram 100. Wannan shi ne mudun ƙasar nan, kuma da shi kaɗai ake gwada kaya da kaya. Sai dai shi ma yana buƙatar ɗan lissafi. Gwangwanin wake mai giram 400, idan aka tsiyaye ruwansa, abin da ke saura bai wuce giram 240 ba. Busasshen wake kuwa, kilo ɗaya idan ya jiƙu ya dahu yakan haura kilo biyu, wato fiye da gwangwani takwas. A jiƙa shi tun dare domin kada ribar ta tafi a kuɗin gas.

Nama ne ya fi cinye kuɗin cefane, musamman da yake na halal muke nema. A nan al'adarmu ta watanda ta fi duk wani rangwamen kanti. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su sayi rago guda wurin mahauci, ya sassara, a raba da sikeli a gaban kowa. Kowane gida ya ƙulla nasa daidai na miya ɗaya ɗaya kafin ya shiga firiza, don abin da aka daskarar a dunƙule, a dunƙule ake cinye shi. Ƙashin ma kada a bar wa mahauci. Romonsa ne ke ɗaga miyar kuka ranar da babu tsoka.

Doya ta ƙetaro teku, farashinta na nuna hakan. A ganina a bar ta sai ranar baƙi. Karyayyar shinkafa da shagunan 'yan Asiya ke sayarwa a buhu tana yin tuwo mai kyau, daskararren alayyafo da kabewa kuma suna ba da taushe da ba za a raina ba. Mai dawowa daga gida ya tuna dokar ƙasar ta hana shigo da nama da madara daga ƙasashenmu, kilishi na ciki.

Sayen sari yana da sharaɗi: sai abin da gida zai iya cinyewa kafin ya lalace. Shinkafa da wake da man girki suna jira. Buhun albasa a ɗakin da ake ɗumamawa ba ya jira, gara a raba shi da maƙwabta tun ranar da aka sayo.