Wasiƙa Ga 'Ya'yanmu Masu Jiran Hirar Shiga Jami'o'in Amurka



Tsakanin Nuwamba da Fabrairu, wasunku da suka nemi gurbin karatu a Harvard, Yale, Princeton ko MIT za su ga saƙon imel daga mutumin da ba su sani ba. Tsohon ɗalibin jami'ar ne, yana so ku tsayar da rana ku zanta. Ba malami ba ne, ba kuma shi ke yanke hukunci ba. Mai sana'arsa ne, likita ko injiniya, ya sa kai don makarantar da ta yaye shi. Zai ba ku rabin awa zuwa awa ɗaya, galibi ta Zoom ga mu na nesa, sannan ya rubuta rahoto ya aika ofishin ɗaukar ɗalibai. A jami'ar Georgetown hirar wajibi ce ga kusan kowa. A sauran da na ambata kuwa, idan ba a samu mai yi da ku ba, ba a ɗora muku laifi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a Harvard da Yale wannan mutumin bai ga makinku ba, bai karanta maƙalar da kuka aika ba. Sunanku da na makarantarku da hanyar samunku kaɗai aka ba shi. Duk abin da zai rubuta, daga bakinku zai fito.

A nan ne nake jiye muku. Mun rene ku da kunya, mun ce yabon kai jahilci ne, a gaban babba a sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ku yar da ita. Amma Ba'amurke yana ɗaukar kallon ido a matsayin alamar gaskiya, kuma idan ya ce "me kake yi bayan an tashi makaranta?" ka ce "ba komai, sai ɗan taimakon gida," to "ba komai" zai rubuta. Alhali kai ne kullum bayan la'asar kake zaune a rumfar yayanka a kasuwar Farm Centre ta Kano, da ɗan sukundireba a hannu, kana cire allon wayar da ta faɗa ruwa, kana goge tsatsa da buroshi har ta kawo haske. Ke kuma ke ce mai riƙe wa Inna littafin bashin masu sarin ƙuli-ƙuli, har kika gano inda ribar take zurarewa. Faɗin wannan ba alfahari ba ne, labarin aikin da aka yi ne. Jami'ar da ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema ta ga masu maki mai kyau har ta gaji. Wanda ya gyara waya a Kano bai cika zuwa mata ba.

Kada ku haddace amsa. Mai hadda, da zarar an katse shi da wata tambaya, sai ya diririce. Ku zaɓi abu biyu ko uku da kuka yi da hannunku, ku ba wani malami ko yaya labarinsu da Turanci, ya riƙa tsare ku da "me ya sa?" Tambayar dalilin zaɓen jami'ar ba ta da makawa, kuma "saboda ta yi suna" ba amsa ba ce. Ku san sashen da kuke so da abin da ake koyarwa a cikinsa. Cibiyoyin EducationUSA na Abuja da Legas suna taimakawa a kan irin wannan.

Idan ya ba ku dama, ku tambaye shi abin da shi kaɗai zai iya faɗa: wane darasi ne ya sauya masa tunani, yaya baƙo yake samun abokai a shekarar farko. Maganar tallafin kuɗi ku kai ta ofishinta, ba hurumin wannan mutumin ba ce.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata babban shiri. A lokacin hunturu agogonmu yana gaba da na gabashin Amurka da awa 6, don haka ku tabbatar da wane agogo ake nufi. Ku cika waya da caji, ku tanadi data, ku zauna inda haske ke dukan fuskarku, ku roƙi ƙanne su ba ku awa guda. Kaftani ko hijabi mai tsabta ya wadatar. Washegari ku aika masa gajeren imel na godiya, ku ambaci abu ɗaya da ya faɗa wanda ya tsaya muku a rai.

Allah Ya ba ku sa'a, Ya zaɓa muku mafi alheri.

Wassalam,
Babanku a harkar ilimi