Darasin Tattalin Arziki: Tsimin Wuta da Tsabtar Muhalli a Gine-ginen Hukuma, Misali Daga Kasuwar Muda Lawal

Idan aka ce ginin gwamnati, akasarin mutane sakatariya ko asibiti ke faɗo musu a rai. Amma ita ma kasuwa tana cikin wannan lissafi, domin kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kafa kasuwanni da kula da su, tare da tashoshin mota, da makewayin jama'a, da kwashe shara. Saboda haka duk ɓarnar da aka yi wajen wuta, ko ruwa, ko shara a irin waɗannan wurare, daga ƙarshe aljihun ɗan kasuwa take komawa, ko dai ta hanyar haraji ko ta hanyar asarar haja.

Kasuwar Muda Lawal ta garin Bauchi, wadda ta yi suna wajen kayan gwari, da doya, da 'ya'yan itatuwa, ta isa misali. Abubuwa uku ne ke ci wa irin wannan kasuwa kuɗi: wuta, da ruɓewar kaya, da shara.

Na farko, wuta. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin tayar da janareto ya ninka. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin wutar masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Ga ɗan lissafi a kan wancan farashi. Ƙwan fitila 100 irin na dā, masu wat 60 kowanne, in suka yi awa 10 a kunne, za su sha yunit 60. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wancan, guda 100 yunit 9 kacal za su sha. Rarar yunit 51 ke nan a rana, wato Naira 11,475, ko Naira 344,250 a kwana 30. Ashe matakin farko shi ne rage ɓarna, kafin a yi maganar sayen wani sabon inji.

Har ila yau, shi kansa fasalin gini yana da tasiri. Rumfa mai dogon rufi, da tagogi masu fuskantar juna, da inuwar bishiya, ba ta buƙatar fanka da fitila da rana tsaka. Wannan ne manufar ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine wadda Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar a 2017.

Bayan an rage ɓarna sai a nemi wutar hasken rana. A nan ba sai an je nesa neman misali ba. A shekarar 2021 aka ƙaddamar da tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 1.12 a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, a ƙarƙashin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wadda ta yi wa Jami'ar Bayero ta Kano mai megawat 7.1 a 2019. Ita ce kuma hukumar da ta jagoranci shigar da wutar rana Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018, bayan gobarar watan Maris na 2016 wadda ta cinye dubban shaguna. Tsarin da aka bi a can abin lura ne: kamfani mai zaman kansa ya zuba jari, ɗan kasuwa kuma yana biyan gwargwadon abin da ya sha. Duk janareton da aka kashe, an rage hayaƙi, an kuma rage jarkar fetur a tsakanin rumfuna.

Na biyu, ruɓewar kaya. Kwandon tumatir da ya kwana biyu a zafin bazara ya riga ya fara zama asara. Ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana kan tsawaita kwanakin kayan gwari, ta yadda mai kaya ba zai karyar da farashi da yamma don tsoron gobe ba. Aikin hukuma a nan bai wuce ta ware fili, ta kuma tsayar da yarjejeniya mai tsawo da mai zuba jari ba.

Na uku, shara. Mafi yawan abin da kasuwar gwari ke zubarwa ɓawo ne da ganye da ruɓaɓɓen kaya, waɗanda taki ne ga manoman rani. In aka ware su daban da leda tun daga bakin rumfa, motocin hukumar kare muhalli ta jihar, wato BASEPA, za su rage sawu, magudanan ruwa kuma ba za su toshe da damina ba.

Doka ma tana bayan wannan aiki. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomin gwamnati rage hayaƙin da suke fitarwa, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu.

Sai dai fa sayen kaya ba shi ne aiki ba, kula da su shi ne aiki. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faifan rana in ba a goge shi, batir kuma yana da iyakar shekarunsa. Don haka ya kamata shugabannin 'yan kasuwa, kafin su sa hannu a kowace yarjejeniya, su nemi amsar tambayoyi uku a rubuce: Wa zai yi gyara in abu ya lalace? Nawa ne kuɗin yunit, kuma yaya za a riƙa sauya shi? Wane kaso na harajin kasuwa aka keɓe domin sauya batir da kwashe shara? Kasuwar da ta sami waɗannan amsoshi tun kafin a kafa faifai ko ɗaya, ita ce wutarta za ta ɗore.