Kumburin Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

Yanzu na'urorin ɗaukar hoton cikin kai sun ƙaru a manyan asibitoci. Saboda haka a kan sami mutum ya komo ƙauye da takarda wadda ta ce an ga kumburi a jijiyar jinin ƙwaƙwalwarsa, ba a kuwa yi masa aiki ba, sai aka ce ya riƙa komawa ana dubawa. Galibi wurin magatakarda a kan kawo irin wannan takarda a karanta, don haka ya kamata ya san abin da zai gaya wa mai ita.

Asalin ciwon

Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun haɗu a ƙarƙashinta kamar zobe, wanda wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana cikin 1664. Inda jijiya ta rabu biyu, wani lokaci bangonta ya kan yi rauni, jini ya yi ta bugunsa har wurin ya yi ƙululu, kamar yadda robar cikin tayar keke ke yi inda ta sirance. Likitoci na ce da shi aniyurizim. Cikin manyan mutane 100, wajen 3 suna da shi, yawancinsu kuwa har iyakar ransu ba zai fashe ba. Ya fi samun mata bisa maza.

Dalilin jinkirta aiki

Akwai hanya biyu ta gyara. Ta fari, a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, kamar yadda Walter Dandy ya fara yi a Baltimore ta Amurka cikin 1937. Ta biyu, wadda ta fito a farkon shekarun 1990, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har ya kai wurin, a cika shi da zaren ƙarfe mai laushi. Ko wacce tana da nata hatsari. In kumburin bai kai milimita 7 ba, watau kamar ƙaramar ƙwayar wake, yana kuma kan jijiyoyin gaba, sau da yawa hatsarin aikin ya fi na barinsa. Shi ya sa likita kan zaɓi sa ido. Kada wanda aka yi wa haka ya zaci an sallame shi ne don ba magani.

Zaman yau da kullum

Mai wannan kumburi ba majinyaci ba ne. Ya yi nomansa, ya ci kasuwarsa, sai fa abin da likita ya hana shi. Abin da ke wuyansa huɗu ne:

1. Ya bar taba ɗungum, ko ta sigari ko shisha, ya nisanci barasa da ƙwayoyin sa maye.
2. Ya riƙa awon jini a ɗakin shan magani. In yana da hawan jini, ya sha magani kullum ko yana jin garau, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya.
3. Kada ya tsallake ranar komawa hoto, gama kumburin kan girma ba tare da an ji kome ba. In ya girma, shawarar likita za ta sake.
4. In mutum 2 ko fiye cikin iyayensa, 'ya'yansa ko 'yan'uwansa na ciki ɗaya sun taɓa yin ciwon, ya faɗa wa likita, domin a kan so a duba sauran.

Alamun da ba a kwana da su

Babbar alamar fashewa ita ce ciwon kai wanda ke saukowa farat ɗaya kamar tsawa, ya kai matuƙa cikin minti 1, mutum ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Ya kan zo da amai, da sandarewar wuya, da ƙin haske, ko suma, ko farfaɗiya. Haka kuma in fatar ido ɗaya ta faɗo, ko abu ɗaya ya zama biyu a ido, ko magana ta karye, ko ɓarin jiki ya mutu, a tafi asibiti nan take.

A lura ƙwarai: ko ciwon kan ya lafa, ba a tsira ba. Jijiyar kan ɗiga kaɗan ta tsaya, sa'an nan ta sake fashewa, hatsarin haka kuwa ya fi yawa cikin awa 24 na farko. Da bazara wani zai ce sanƙarau ne, tun da shi ma yana sandare wuya. Ko wanne ne, asibiti za a nufa. Kada a tsaya yin ƙaho ko tsaga ko hayaƙi. Kada a ba shi asfirin, domin yana hana jini daskarewa. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa.

Abin da a ke roƙon hakimai

Abin da ya fi cin rai a nan shi ne jinkiri, jinkirin kuwa a gida ya kan fara. Saboda haka ana roƙonku ku sa a shirya tun ana lafiya. In mutumin ya yarda, magatakarda ya kwafi takardarsa, dagaci da mai unguwa su san motar da za a tasa ko da tsakar dare ne. In mace ce, a sami izinin maigida tun yanzu, kada a zauna jiran dawowarsa daga fatauci. A nufi asibiti mafi kusa, a nuna takarda, a roƙi a tura shi inda ke da likitocin aikin ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, na Aminu Kano a Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Sirrin mutum kuma amana ne. Magatakarda ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya karanta, sai wanda mai takardar ya ambata da bakinsa.