Matakan Karɓar Haƙƙin Sojan da Ya Rasu a Bakin Aiki

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya. Amma haƙƙin matar soja da marayunsa ba a wurin bikin ake bayar da shi ba, sai an bi shi da takardu.

Mataki na ɗaya, na shi sojan ne tun yana raye. Ya duba sunan wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a fayil. Yaro zai shiga soja yana saurayi ya sa sunan yayansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, bai koma ya gyara ba. Ranar da ta Allah ta kasance, hukuma sunan da ke rubuce take nema, matar kuwa tana zaune a bariki ba wanda ya kira ta. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa.

Mataki na biyu, bayan an share makoki a je bataliyarsa. A karɓi wasiƙar ta'aziyya ta rundunar da takardar shaidar rasuwa, a rubuta lambar aikinsa da muƙaminsa. A yi haka kafin a kwashe kaya daga bariki, don bibiya daga ƙauye wahala ce.

Mataki na uku, a haɗa shaidar aure, takardun haihuwar yara, hotunan fasfo, lambar NIN da asusun banki mai BVN. A lura da rubutun suna. Idan katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, na banki ya ce Mohammed, fayil na iya kwanciya wata da watanni. A je kotu a yi rantsuwa a daidaita tun da wuri, kuma kada a miƙa wa kowa takardar asali, hotonta ya isa.

Mataki na huɗu, a san cewa kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ware sojoji daga tsarin adashin gata, don haka ba kamfanin fansho za a nufa ba, Hukumar Fanshon Soja ce da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Inshorar rai daban take, ta hannun Ma'aikatar Tsaro. Sojan ƙasa yana da tsarin inshora na NAWIS da ake yanka daga albashinsa, ga kuma tallafin karatun yara har huɗu. A tambayi kowanne da sunansa.

Mataki na biyar, rabo. Wanda sunansa ke fayil amana aka danƙa masa, bai zama shi kaɗai ne mai gado ba. A kai wa alƙali ya fayyace rabon kowa. Kuɗin da ke asusun mamacin kuwa, banki kan nemi takardar izinin kula da gado daga babbar kotu.

Mataki na shida, bibiya. Reshen jiha na ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da ƙungiyoyin matan sojoji sun san hanya. Duk wanda ya ce a ba shi na goro zai fito da fayil, a guje shi. Idan shiru ya yi yawa, a rubuta ƙorafi ga Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, kyauta take aiki.