Obin Ya Daina Gashi Daga Ƙasa? Duba Waɗannan Kafin Ki Kira Mai Gyara

Uwargida, idan kek ya fito samansa ya yi ja amma ƙasansa ɗanye, galibi ƙarfen zafi na ƙasa ne ya tsaya. Obin na lantarki ƙarafa biyu gare shi, na sama da na ƙasa, kuma na ƙasan ne ke ɗauke da yawancin aikin gashi. Bi waɗannan daki-daki, daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa mai cin kuɗi.

1. Fara da agogon obin.
Da yawa daga masu agogo, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ba sa yin zafi sai an sake saita lokaci. In kin ga lambobin suna ƙiftawa, saita su. Sannan ki tabbata maɓallin yana kan alamar da ke da layi a ƙasa.

2. Tabbatar wutar na da ƙarfi.
Obin na son bolt 220 zuwa 240. Da raunanniyar wuta fitilarsa za ta kama, amma zafin ya tsaya a ɗumi-ɗumi. Ƙaramin janareta ma ba zai ɗauki abin da ke jan wat 2000 ba, don haka ki gwada lokacin da wuta ta cika.

3. Kunna ki leƙa.
Sa shi a alamar da ke da layi sama da ƙasa, a digiri 200, ki ba shi minti biyar. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi ja daga wannan baki zuwa wancan. In na sama ya yi ja, na ƙasa kuwa yana nan baƙi ƙirin, wuta na shigowa, matsalar a ƙasa take.

4. Kashe wuta daga tushe kafin ki sa hannu.
Cire filogi, ko ki kashe makunninsa a akwatin wutar gida. Murɗa maɓallin obin kaɗai bai wadatar ba, don wata wayar na iya zama da wuta. Ki kuma bari ya huce sarai.

5. Haska jikin ƙarfen da tocila.
Nemi kumburi, tsagewa, ko farin tabo inda ya ƙone. In kin gani, shi ke nan, sai sabo. Kada ki yarda a yi masa walda, asarar kuɗi ce da haɗari.

6. Duba wayoyin da ke bayansa.
Kwance sukurorin da suka riƙe shi a bangon baya, ki jawo shi a hankali, ki ga ko bakin waya ya ƙone, ya saki, ko ɓera ya ci. Ɗauki hoto kafin ki cire komai. Ki maƙale kowace waya da abin matse shanya, don in ta zame cikin ramin sai an kwance bayan obin duka.

7. Ari mitar da masu gyara ke gwada kayan lantarki da ita, a auna shi.
Bayan an zare wayoyin, a ɗora tsinken mita ɗaya a kowane bakin ƙarfen. Lafiyayye yakan nuna om 20 zuwa 50, gwargwadon girmansa. In mita ba ta nuna komai ba, ya tsinke daga ciki ko da jikinsa sumul yake.

8. Tafi kasuwa da tsohon a hannu.
Lanƙwasar ƙarafan obin da ƙarfinsu sun bambanta, ido kawai ba zai raba miki ba. Kwafi lambar samfurin, wadda galibi take a bakin ƙofar obin ko a bayansa. In an sa sabon, daina shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin, tana tara zafi.

9. San inda za ki tsaya.
In ƙarfe da wayoyi lafiya lau ne, saura na'urar daidaita zafi, fis, ko makunni, waɗannan kuwa aikin mai gyara ne. Haka in kika ji ƙaurin waya ko wutar gida na faɗuwa da an kunna. Ki faɗa masa abubuwan da kika riga kika duba, hakan zai rage masa lalube, ya rage miki kuɗin aiki.