Matakan Raya Baiwar Yaro Mai Hazaƙa

Kusan kowane aji yana da yaron da ke gama lissafi tun malam bai ajiye alli ba, sai ya koma surutu ko zane a bayan littafi. Yawanci tsawa ce ladansa, wani lokaci har da bulala. Ga yadda malami da iyaye za su bi da irinsa.

Mataki na farko, a gano shi. Kada a tsaya ga wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa, domin wani hadda ce kawai ta kai shi. A dubi irin tambayoyin yaro, da abin da yake yi idan ba wanda ya sa shi. Wanda ya samu gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya ciro ɗan moto daga matacciyar rediyo mai kaset ya haɗa da batir har motar ta tashi, ya riga ya gane wani abu game da lantarki da ba a kai ga koya masa ba. Malami ya ware littafi yana rubuta irin wannan tsawon zango guda. A ƙara sa ido kan 'yan mata, don da yawansu an saba musu da yin shiru a aji, sai an tono ake gani.

Na biyu, a sauya masa aiki, kada a ninka. Nan ne aka fi yin kuskure. Idan ya gama tambaya goma aka ƙara masa goma irinsu, horo aka yi masa, gobe kuma zai ja ƙafa da gangan. A ba shi guda ɗaya mai tsauri. A ce ya auno tsawon darbejiyar harabar makaranta ba tare da ya hau ba, daga shi sai sanda da igiya. In ya yi ta juya abin, zai lura cewa inuwar sanda da inuwar bishiya suna tafiya a kan ma'auni ɗaya. Mai son rubutu kuma a tura ta wurin kakarta ta jiyo tatsuniya, ta dawo ta sauya mata ƙarshe. Ban goyi bayan a mai da irin wannan yaro ƙaramin malami kullum ba. Shi ma karatu ya zo yi.

Na uku, a ba shi kaya da lokaci: kwali, waya, gam, fenti, littattafan da suka fi ajinsa, da awa ɗaya a mako da ba a ba da maki. In abin ya lalace, kada babba ya karɓe ya gyara. A tambaye shi, "Me kake ganin ya jawo?" A yabi naci da ƙoƙarinsa, a daina kuranta shi gaban 'yan'uwansa.

Na huɗu, a haɗa shi da gwani na kusa, bakanike ne ko tela ko marubuci, da sanin iyaye. Ga misalin inda baiwa ke kai yaro: Jelani Aliyu tun yana yaro a Sakkwato yake zana motoci. Ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, inda ya zana motar Chevrolet Volt.

Na biyar, a san ƙofofin da ke buɗe. Gwamnatin tarayya tana da makarantar hazikai a Suleja, kuma NECO ce ke shirya jarrabawar shiga. Jigawa tana da tata a Bamaina. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a Kano, waɗanda aka kafa a 1977, suna ɗiba bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Mai baiwar hadda yana da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986. Iyaye su fara tambayar hedimasta lokacin fitar fom tun yaro yana aji biyar na firamare, kada a wayi gari an rufe.