Kafin ka zargi kwamfuta, duba batir

Na daɗe ina gyaran rediyo, waya da kayan sola a rumfata nan Kanan-Bakashe. Hutun bara wani ɗalibin fasaha da ke karatu a Maraɗi ya shigo da mutum-mutumi mai taya biyu cikin kwalin sabulu, aikin da zai gabatar ƙarshen shekara.

"Kawu, kwana uku ina sake rubuta umarni, abin nan ya ƙi tafiya."

Muka aza shi kan tebur. Tayoyin suka ɗan motsa, fitilar allon Arduino ta ƙyafta, komai ya tsaya cik. Ruwa ba ya tsami banza. Ban ko buɗe kwamfutarsa ba, na kifa abin. Ƙaramin batir mai volt 9 shi kaɗai ke ciyar da allon da injinan biyu.

Inji yana zuƙar wuta sosai lokacin tashi, ko in taya ta cije. Batirin nan ba ya iya ba da ita, sai ƙarfinsa ya faɗi, allon da ke son volt 5 tsayayye ya mutu ya sake farawa. Wasu ɗaliban ma sukan jona inji kai tsaye da ƙafar allon, alhali ba ta jure fiye da miliamfa 40. Daga nan sai ƙauri.

Muka ciro batir 18650 guda biyu daga matacciyar kwamfutar hannu, kowane volt 3.7, muka jera su suka ba da 7.4. Muka bi da su ta allon sarrafa inji na L298N zuwa injinan, wanda shi ma yana cinye kusan volt 2. Allon muka ba shi nasa batirin, muka haɗe wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu. Abin ya ruga har ya faɗo daga tebur.

Ƴan uwa ɗalibai, ku gwada kowane inji shi kaɗai da mita kafin ku ɗaure ƙusa. Batirin da ya kumbura kada ku yi caji, kada kuma ku bar shi a rana. Sannan ku fitar da abin tsakar gida: tayar da ke gudu kan siminti nutsewa take cikin rairayin yankinmu na Mayahi. Namu sai da muka naɗa wa tayoyinsa robar tiyub ɗin babur kafin ya ƙetare tsakar gidan.